Awon Maganin Jariri: Kada Kwalba Ta Fita Ba Sirinji

Maganin babba ƙwaya ɗaya ce da safe, ɗaya da dare. In gefen ƙwayar ya gutsure, ko ya makara da awa guda bai sha ba, yawanci babu abin da zai same shi. Jariri sabon haihuwa ba haka yake ba. Nasa maganin sai an ɗora shi a sikeli, a yi lissafi da nauyinsa, sannan a zuƙo ɗan ruwan da sau da yawa bai kai rabin mililita ba. Likita yana iya gane cutar daidai, ya zaɓi maganin da ya dace, mai haɗa magani ya miƙo kwalbar da aka rubuta, amma duk wannan aiki ya lalace a hannun mutum na ƙarshe, wanda ya riƙe abin awo. A asibiti wannan mutum nas ce. A gida kuwa uwa ce, ko kakar da ta zo zaman jego.

Abin da nake kira a kai a wannan ɗan littafi abu ɗaya ne. Duk maganin sha da za a ba jaririn da bai cika wata ɗaya ba, a auna shi da sirinjin baki ƙarami, mai ɗaukar mililita 1 in awon bai wuce haka ba. Kada kuma a sallami uwa da kwalba sai an haɗa mata da sirinjin, ta zuƙa a gaban nas, an ga ta iya. Wasu abokan aiki suna ganin wannan tsanani ne ga asibitin da ke fama da ƙarancin hannu da ƙarancin kuɗi. Ina jin su, zan kuma zo kan maganarsu. Bari mu fara da jikin jaririn.

Hanta ita ke sarrafa yawancin magunguna, ƙoda kuma ta fitar da su ta fitsari. A makonnin farko duka biyun ba su gama ƙwari ba, balle a jikin bakwaini. Maganin da babba zai fitar kafin dare, a jikin jariri yana iya kwana da kwanaki. Likitoci sun koyi wannan da tsada. A shekarar 1959 aka ba da rahoto daga Amurka cewa bakwainin da ake ba kuloramfenikol da yawa suna yin toka-toka, cikinsu ya kumbura, jikinsu ya yi sanyi, su mutu. Maganin mai kyau ne, yana kashe ƙwayoyin cuta yadda ake so. Hantar yaran ce ba ta iya da shi, sai ya taru a jini ya zama guba. Tun daga nan aka gane cewa ba a samun awon jariri ta hanyar rage na babba kawai. Yana da nasa lissafi, kuma tazarar da ke tsakanin abin da zai warkar da shi da abin da zai cutar da shi ƙarama ce.

Mu ɗauki misalin da ke faruwa kullum a ɗakin bakwaini. Irin waɗannan yara sukan manta su yi numfashi, su ɗauke na ɗan lokaci. Maganin wannan kafeyin ne, sinadarin nan da ke cikin goro da shayi, amma wanda aka haɗa domin jarirai. Babba yana fitar da rabinsa cikin kamar awa 5. Bakwaini kuwa sai ya yi kwana uku ko huɗu, shi ya sa sau ɗaya ake ba shi a yini. Awon yau da kullum yakan fara daga miligiram 5 a kowane kilo. Yaro mai nauyin kilo 1.2 zai sha miligiram 6 ke nan. In kwalbar tana da miligiram 20 a kowace mililita, abin da za a zuƙa shi ne mililita 0.3. Ɗigo ashirin na ruwa ne ke cika mililita ɗaya, to 0.3 ɗigo shida ne kacal. Ɗigo ɗaya ya zuba a zanen gado, kashi ɗaya cikin shida na maganin ya tafi. Gaskiya ce kafeyin yana da haƙuri, ɗan ƙari ko ragi ba ya saurin yin ɓarna. Amma hannun da ya auna shi, shi ne zai auna fenobabiton na jijjiga da digoksin na zuciya, waɗanda ba su da wannan haƙuri.

Yanzu a duba sirinji. Mai ɗaukar mililita 5, wanda ya fi yawa a kan tebur ɗinmu, kowane layi a jikinsa yawanci mililita 0.2 ne. Babu layin 0.3 a kai. Wadda ta zuƙa da shi za ta tsaya tsakanin layi biyu ta ce ya yi. Wannan kirdado ne, ko da shekararta ashirin tana aiki. Sirinjin mililita 1 kuwa an raba jikinsa filla-filla, ana ganin 0.3, ana ganin 0.33. Ka'idar da masu haɗa magani ke bi ita ce, kada abin da za a auna ya gaza kashi ɗaya cikin biyar na abin da sirinjin ke ɗauka. Da wannan ka'ida, sirinjin mililita 5 bai kamata ya auna abin da bai kai mililita 1 ba, kuma mafi yawan awon bakwaini yana ƙasa da haka.

Akwai wani abu da ba a cika koyar da shi ba, shi ne ragowar da ke maƙalewa a bakin sirinji. In kin tura sandar har ƙarshe, ɗan ruwa yakan saura a cikin tsinin, kamar mililita 0.05 zuwa 0.1, gwargwadon ƙirar sirinjin. Waɗanda suka ƙera shi sun san da wannan, layukan jikinsa ba su ƙidaya ragowar ba. Wato in kin zuƙa zuwa layi kin tura, yaro ya sami awonsa cif, abin da ya saura a tsini ba nasa ba ne. Matsala tana zuwa ne daga kyakkyawar niyya. Nas tana ganin ragowar sai ta ji kamar ta tauye yaron, ta zuƙo nono ko ruwa cikin sirinjin ta ɗauraye ta ƙara masa. Ko kuma ta zuƙi maganin sannan ta zuƙi ruwa a kansa don ta sirka. A awon mililita 5 wannan ba komai ba ne. A awon 0.3, ƙarin 0.1 kashi ɗaya cikin uku ne, kuma kullum za a maimaita shi. In ana so a wanke bututun hanci bayan magani, a ɗauko wani sirinji dabam. Kumfar iska ma tana cin wuri, ita kuma ragi take jawowa. A ɗaga tsinin sama, a ɗan ƙwanƙwasa da yatsa ta fita kafin a duba layi.

Me ya sa nake cewa sirinjin baki, ba na allura da aka cire wa tsinke ba? Domin na allura yana shiga bakin robar da ke jijiyar yaro. Bakwaini yana kwance da bututu a hanci, da roba a hannu, wani lokaci da wata a cibiya. Sirinji biyu masu kama ɗaya a faranti ɗaya, ƙarfe uku na dare, wuta ta ɗauke: haka maganin sha ko nono ke shiga jijiya, kuma wannan yana kashewa. A Ingila, tun 2007 hukumar kula da lafiyar majinyata ta umarci asibitoci su yi amfani da sirinjin baki wanda ba ya shiga robar jijiya, galibi mai launin shunayya don ido ya bambance. A 2016 aka fitar da ƙa'idar duniya ta sabon mahaɗi mai suna ENFit, wanda bututun abinci kaɗai yake kamawa. Abu ne mai kyau, amma ya zo da nasa sharaɗi. Bakinsa ya fi faɗi, ragowar da ke taruwa a ciki ta fi yawa, tana kuma iya turuwa cikin bututu lokacin da aka ɗaura shi. Shi ya sa aka ƙera wani na musamman domin ƙananan awo, mai siririn tsini a tsakiya, wanda shi ma sai an share maganin da ya taru kewaye da tsinin kafin a ɗaura. Na kawo wannan ne domin asibitocin mishan sukan sami kayan gudummawa daga ƙasashe dabam-dabam a kwali ɗaya. Kafin sabon irin sirinji ya shiga ɗakin jarirai, a zauna a duba shi tare, kowa ta riƙe ta gwada da ruwa.

Ɗigon alƙalami ma yana da nasa haɗari, har ya fi ɗigon magani. Wanda ya rubuta .5 ba sifili a gaba, in ɗigon ya ɓace a layin takarda sai a karanta 5. Wanda ya rubuta 1.0, ana iya karanta 10. Ninki goma ke nan, kuma a jariri ninki goma ba ya ba da tsoro a ido, domin mililita 3 a maimakon 0.3 har yanzu bai cika cokali ba. In aka ce babba ya haɗiye ƙwaya goma a maimakon ɗaya, shi da kansa zai tambaya. Jariri kuwa zai sha ya yi shiru. A rubuta 0.5, a rubuta 1. A kan katin magani kuma a sa nauyin yaro na ranar, da awon kowane kilo, da miligiram nawa ya kama, da ƙarfin kwalba, da mililita nawa za a zuƙa, domin wadda ta karɓi aiki ta iya bin lissafin da kanta. Katin da aka rubuta "mil 1" kaɗai ba a faɗi ƙarfin kwalba ba, bai gaya wa kowa komai ba. Ruwan parasitamol na yara miligiram 120 ne a mililita 5, wato 24 a kowace mililita. Wanda ake ɗigawa kuwa akwai mai miligiram 100 a mililita ɗaya, ya ninka wancan fiye da sau huɗu, alhali sunan ɗaya ne a jikin kwali. Kafeyin shi ma iri biyu ake rubuta ƙarfinsa, miligiram 20 na mai sitiret daidai yake da miligiram 10 na zallarsa. Wanda bai karanta wanne aka rubuta ba zai ninka ko ya raba biyu.

Sai maganar daka ƙwaya, wadda ba ni da amsa mai daɗi a kanta. Magunguna da yawa ba su zuwa mana a ruwa. Fenobabiton ƙwaya ce mai miligiram 30. Yaro mai kilo 1.8 a kan miligiram 5 kowane kilo yana bukatar miligiram 9. Ba wuƙar da za ta yanka wannan daga ƙwaya. Abin da ake yi shi ne a daka ta, a zuba mililita 10 na ruwa mai tsabta, a zuƙi mililita 3. A takarda lissafin ya fita. A cikin kofi kuwa garin ba ya narkewa duka, yana kwantawa kamar gasara a ƙasan kwano. Wadda ta zuƙa daga sama ta ba da kusan ruwa zalla, wadda ta zuƙa daga ƙasa ta ba da fiye da kima. Sai dai a dama sosai a zuƙa nan take, a zubar da sauran, kada a ajiye wa na gaba. Wuri mafi dacewa da wannan aiki ɗakin haɗa magani ne, da rana, a hannun wanda ya koye shi, a sa a kwalba da suna da ƙarfi da ranar da zai lalace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta san wannan giɓi. A 2007 ta fitar da jerin muhimman magunguna na yara a karo na farko, ta kuma buɗe kamfe na neman a riƙa ƙera magani daidai da yara. An sami ci gaba, musamman ƙwayoyin da ke narkewa a ɗan ruwa, amma na bakwaini har yanzu da saura.

Nauyi ma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Jariri yakan ragu a kwanakin farko, har kusan kashi goma cikin ɗari, ya maido da nauyin haihuwa cikin kamar mako biyu, sannan ya fara hawa. Bakwainin da aka yi wa lissafi yana kilo 1.2, in ya kai 1.6 ana ba shi awon da, maganin ya yi masa kaɗan. A auna shi tsirara a sikeli mai lamba, a sake lissafi aƙalla sau ɗaya a mako.

Mu da ke Sofoline muna zaune ne a bakin manyan ɗakunan jarirai na Kumasi. Ga asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda kowa ke kira Gee, ga kuma asibitin Suntreso da nasa ɗakin uwa da jariri. Mutanen gari ba su manta da 2017 ba, lokacin da gidan talabijin na Joy News ya nuna cunkoson tsohon ɗakin jarirai na Komfo Anokye, yara da yawa a gado ɗaya. Uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, Rebecca Akufo-Addo, ta jagoranci tara kuɗi, aka buɗe sabon gini a Janairun 2018. Gini ya rage matsi, mun gode Allah. Amma a ko'ina a ƙasar nan nas ɗaya tana kula da jarirai fiye da yadda ya kamata, kuma a nan ne masu cewa na tsananta suke da hujja. Sukan ce: kina so mutum biyu su duba kowane awo, ina mutum na biyun yake da tsakar dare? Amsata ita ce a zaɓa. Ba kowane ɗigon bitamin ke bukatar shaida ba. Magunguna masu ƙaramar tazara, irin su digoksin da fenobabiton da mofin, da duk awon farko na sabon magani, su ne za a ce dole ido biyu. Kuma duba na gaskiya shi ne ta biyun ta yi nata lissafi ba ta ga na ta farko ba, sannan a gwama. Ki nuna mata sirinji ki ce "0.3 ne ko?" ta gyaɗa kai tana wucewa, wannan gaisuwa ce kawai. Tebur ɗin awo da aka riga aka lissafa bisa nauyi, aka manna a bango, yana rage aikin ƙwaƙwalwar da ta gaji. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2001 ya nuna kurakuran magani masu iya cutarwa sun ninka sau uku a yara in aka gwada da manya, kuma sun fi yawa a ɗakin jarirai masu tsananin ciwo. Can ma da suke da hannu da kayan aiki ke nan.

Inda na fi damuwa shi ne ƙofar fita. Uwa ta kwana biyu a asibiti, ta ƙosa ta koma gida a yi shirin suna. Aka miƙa mata kwalba aka ce ta riƙa ba shi "kaɗan" safe da yamma, ko "rabin cokali". Ta sauko tashar Sofoline ta hau mota zuwa Abuakwa ko Nkawie, wata har Bibiani, inda ba nas da za ta tambaya. Wane cokali? Masu bincike a ƙasar Girka sun tara cokulan shayi 71 daga gidaje 25, suka buga sakamakon a 2010: mafi ƙanƙanta yana ɗaukar mililita 2.5, mafi girma 7.3. Namu na Zango ba su fi nasu daidaito ba, murfin kwalba kuma ya fi cokali muni. Ɗan kofin da ke zuwa a cikin kwali, layinsa na farko yawanci 2.5 ne, ya riga ya wuce awon jariri.

A dubi yaron da mahaifiyarsa ke ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. Ruwan nebirafin da ke kare shi miligiram 10 ne a mililita ɗaya. Bisa awon Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka haifa da kilo 2 zuwa ƙasa da 2.5 yana shan mililita 1 sau ɗaya a yini, mai kilo 2.5 ko fiye yana shan 1.5, kuma makonni za a yi ana ba shi. Cokalin mililita 5 ya ninka wannan fiye da sau uku, kwalba kuma ta ƙare tun kafin ranar dawowa, yaro ya yi kwanaki ba kariya yana shan nono. Irin wannan uwa sau da yawa ɓoye kwalbar take yi, ba za ta nuna wa maƙwabciya ko surukarta ta ce duba min ba. Abin da aka koya mata a asibiti, shi ke nan abin da take da shi. Don haka a ja ta gefe inda ba kunne, a yi mata bayani da harshen da take ji, Hausa ne ko Tuwi ko Dagbani. A manna ɗan filasta a jikin sirinji daidai layin awonta, domin wadda ba ta karatu tana gane alama. Sannan a ba ta ta zuƙa da kanta sau biyu. Tambayar "kin gane?" ba ta da amfani, mai kunya za ta ce e.

Masu riƙe da asusu sukan ce sirinjin baki ƙarin kashe kuɗi ne, kuma ba kullum ake samunsa a kasuwa ba. Na yarda samunsa sai an nema. Amma kuɗinsa bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba, bai kai kuɗin mota zuwa da dawowa daga Nkawie ba. Littafi Mai Tsarki da Alƙur'ani duka sun yi kashedi a kan tauye mudu, kuma mu da muke sayar da magani ko muke ba da shi kyauta, masu awo ne. Ina roƙon masu sayo wa asibitocinmu kaya su sa shi a jeri ɗaya da maganin, duk kwalbar jarirai da aka yi oda a yi odar sirinjinta. Masu shagon magani a unguwa ma su ajiye, su daina miƙa ruwan magani ga uwar ɗan kwana goma hannu sake.

Ke kuma uwa, ga yadda za ki yi a gida. Wanke hannu, girgiza kwalba, zuƙa har bakin baƙar robar sanda ya tsaya a kan alamar. Ɗaga kan yaro kamar za ki ba shi nono, sa tsinin a gefen kumatu daga ciki, tura kaɗan-kaɗan yana haɗiyewa. Kada ki matse masa hanci ki yi masa ɗura, yana iya shaƙewa maganin ya shiga huhu. Kada ki zuba shi cikin kofin nonon da kika tatsa gaba ɗaya, domin in bai shanye ba ba ki san nawa ya sha ba. Maganin gari irin amoksisilin, a zuba masa tafasasshen ruwan da ya huce daidai layin jikin kwalba, ki kuma tambayi kwana nawa zai yi kafin a zubar, musamman in ba firji ko wuta tana yawan ɗaukewa. In ya yi amai bayan ya sha, kada ki ƙara masa sai kin tambaya. In kin manta da awo ɗaya, kada ki haɗa biyu a na gaba. Bayan kowane amfani ki zare sandar, ki wanke da ruwa mai tsabta, ki bari ya bushe.

In yaro ya yi barcin da ba ya tashi shan nono, ko numfashinsa ya yi sanyi ko yana ɗaukewa, ko jikinsa ya saki, ko yana amai ba tsayawa, ki kawo shi nan take ko da dare ne, ki riƙo kwalbar da sirinjin mu ga abin da ya sha. In kuma layukan sirinjin sun fara gogewa saboda wanki, ki zo da shi ranar awo a canza miki.